Shekarar da Isuhu Ya Daina Zagina

Kabiru, Maryam, Auwalu, wannan babi na tarihin rayuwata naku ne, kuma ban rubuta shi don ku ji daɗi ba. Abin da ya tashe ni shi ne labarin da mahaifiyarku ta kawo mini makon jiya, cewa Kabiru ya haɗu da Baba Isuhu a tashar mota a Katsina, ya dube shi ido cikin ido, ya wuce bai gaishe shi ba. Ina cin tuwo ta faɗa mini, na ture kwanon gefe. Ban kira Kabiru na yi masa faɗa ba, don ba ni da bakin yi. Kun daɗe kuna riƙe da labarin cewa Isuhu ya ci amanata, wai na ɗauko shi daga kasuwar Safana na koya masa aiki, shi kuma ya zagaya ta bayan gida ya ƙwace mini kujera. Ni na ba ku wannan labari da bakina, a tsakar gidan nan, ina zaune a kan turmi. Yanzu zan ba ku na gaskiya tun da sauran numfashi.

Isuhu ɗan Gwaggo Hansai ne, ƙanwar mahaifina da aka aurar Safana. Ke nan ni da shi taubasai ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, kuma kun san abin da ke tsakanin taubasai: duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya wasa ne, ba a fushi, ba a kai ƙara, ramawa ake yi. Tun muna yara nake ce masa bawana. Shi kuma tun ranar da na fara aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma ya ga biro uku a aljihun rigata, bai ƙara kirana da sunana ba. Ko a gaban surukaina ne, daga bakin zaure zai fara:

“Ina Akawu mai biro uku? Ya tashi, ko rogon Batsari ya kwantar da shi?”

Ni kuma in ce a ba bawana tsintsiya ya share ƙofar gida kafin ya shigo. Haka muka yi shekara hamsin da ɗoriya. Na yi aikina na mai bugun takardu har na koma kan kwamfuta, na buɗe ɗan shago a gaban gida ina koyar da yara da yamma, na kuma koyi ɗan abin da na koya na rubuta manhaja daga littattafai. Shi kuwa da ya gama sakandare sai ya zauna a kasuwar Safana yana sayar da iri da taki da maganin feshi. A raina, kuma wannan ban taɓa faɗa ba sai yau, na ɗauka Allah ya riga ya raba: ni mai ilimi, shi mai kwalabe. Ina son sa ƙwarai, amma son da mutum ke yi wa wanda ya tabbata yana ƙasa da shi.

Shekarar da na yi ritaya ce aikin ya zo. Wata tsohuwar ɗalibata, Zainab, wadda na koya wa ɗora yatsu a kan madannai tana ƴar yarinya, ta zama injiniya a wani kamfani a Katsina. Ta zo har gida ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce akwai aikin da ake yi daga nesa, tana son ta kafa ƙungiya a Batsari, shagona kuwa yana da sola da intanet. Bari in bayyana muku aikin, don ba na jin na taɓa yi muku bayaninsa yadda ya kamata. Masu gina manhaja suna da kayan aikinsu kamar yadda magini yake da nasa. Akwai mai haɗa guntayen rubutu su zama manhaja guda, akwai mai gwada ko abin da aka haɗa yana aiki, akwai mai share tarkace, akwai mai tura abin da aka gama ga jama'a. A da mutum ne ke zaɓar wanda zai ɗauka. Yanzu ana ba na'ura mai ƙirƙirarriyar basira aikin, ta zaɓi kayan da kanta, mu kuma muna ce mata ɗan aike. Ɗan aiken nan bai taɓa riƙe kayan ba, ba shi da maigidan da zai juya ya tambaya. Abin da yake gani kawai shi ne layi uku ko huɗu na Turanci da aka rubuta a kan kowane kaya. Aikinmu mu karanta wannan bayani, mu ba shi maki daga ɗaya zuwa biyar, sannan a Katsina a saki ɗan aiken cikin wani akwatin gwaji inda ɓarna ba ta fita waje, a ga ko abin da ya aikata ya yi daidai da makin da muka bayar.

Dokar aikin ita ce mutum biyu su duba kowane bayani. Matasan da Zainab ta tara, su huɗu, duk sun haɗa kansu biyu-biyu, ba wanda yake son zama da tsoho mai gyara masa Turanci. Sai na tuna da Isuhu. Na ce ai yana karanta Turancin jikin kwalba, kuma kasuwarsa ba ta ci sai damina ta matso. Gaskiyar magana, na ɗauko shi ne don in samu wanda zai riƙa cewa “haka ne”. Ya riƙa zuwa a babur sau uku a mako, ya koma kafin la'asar saboda halin rashin tsaro da hanya take ciki. Da yatsa biyu yake buga rubutu, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a cikin shinkafa. Na yi masa dariya har na gaji, shi ma ya rama.

A mako na uku aka turo mana bayanin wani kaya mai share wurin aiki. Ban manta shi ba, don Turancinsa ya burge ni. Ma'anarsa ita ce: wannan kaya yana mayar da wurin aiki fes kamar ranar da aka fara, domin gini ya tafi sumul. Gajere, ba kuskure, ba kalmar da ta yi yawa. Na ba shi biyar ban ko tsaya ba. Na leƙa allon Isuhu na ga ya ba shi ɗaya.

Na ce, “Bawana, yatsanka ne ya zame?”

Ya ce, “Akawu, mi yake sharewa?”

“Tarkace mana. Ba ka ga an rubuta ba?”

“Na ga an rubuta fes. Ban ga an rubuta tarkacen wa ba. Ni in manomi ya zo ya ce in ba shi maganin ciyawa, ba ni miƙa mashi sai na ji mi ya shuka. Akwai wanda ke kashe ciyawa ya bar gyaɗa. Akwai wanda ba ruwanshi, duk koren da ya tarar sai ya kwantar da shi. A baki duk maganin ciyawa ne. Wanga bayani bai ce mi zai bari ba, bai ce in ya share ana iya maidowa ba. Ɗan aiken nan kuwa ba ya da baki balle ya tambaya.”

Na ce masa nan ba rumfar taki ba ce, ya bar wa masu abu abinsu. Na ce duk mai hankali ya san abin da ake nufi da shara. Ya ce to shi dai ɗayansa na nan, in Zainab ta ga bai yi ba ta goge. Muka tura a haka, biyar da ɗaya, ina jin kunyar yadda za a ga wanda na kawo.

Bayan kwana biyu sakamako ya dawo. An ba ɗan aiken gyaran wata manhaja, ya yi rubutu mai yawa, da ya zo haɗawa abin ya cije. Ya duba kayan da ke gabansa, ya karanta cewa wannan yana sa gini ya tafi sumul, ya ɗauka. Kayan ya share duk sabon rubutun da ba a riga an kai rumbun ajiya ba, har da wanda ɗan aiken ya yi da kansa. Ba abin da ya dawo. Zainab ta turo saƙon murya ga ƙungiya duka, ta ce a cikin mutum goma sha biyu da suka duba wannan bayani a garuruwa daban-daban, Malam Isuhu ne kaɗai ya hango ramin. Matasan suka juya suna kallonsa. Shi kuwa ya ci gaba da neman harufansa da yatsa biyu, ya ce mini ba tare da ya ɗago ba:

“Akawu, ara mini biro ɗaya cikin ukun, naka sun huta yau.”

Na yi dariya tare da kowa. Amma ranar ce karon farko da zaginsa ya shige ni ya zauna.

Daga nan abin ya yi ta girma. Zainab ta sa Isuhu ya rubuta tambayoyin da yake yi wa kowane bayani, ta gyara Turancin, ta rarraba wa sauran ƙungiyoyi. Ba su da yawa. Me kayan yake yi, yaushe ne ba a taɓa shi, me yake kashewa, kuma in ya kashe ana iya tayarwa. A saman takardar ta rubuta sunansa. Na manna ta a bangon shagona da hannuna, don kada a ce ban manna ba, kullum kuma in na ɗaga kai sai na gan ta. Na ce to, ai yanzu na san sirrin, na riƙa bin tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, makina ya gyaru. Sai ga wasu kaya biyu, ɗaya na gwaji ɗaya na turawa ga jama'a, kowanne bayaninsa ya amsa tambayoyin tsaf. Na ba su huɗu-huɗu. Isuhu ya ba su biyu-biyu, ya ce kowanne shi kaɗai ba laifi, amma an rubuta su da kalmomi iri ɗaya, kwalba biyu ne masu launi ɗaya a kan kanta ɗaya, ranar da aka yi sauri sai an ɗauki wata a madadin wata. Aka gwada, ɗan aiken ya ɗauki na turawa alhali gwaji aka ce ya yi. A nan na gane ba takardar ce ke aikin ba. Ido ne, kuma Allah bai ba ni irinsa ba.

Ba zan ɓoye muku ba, hassada na yi, mai zafi. Ni da na shekara talatin ina gyara wa shugabannin ƙaramar hukuma wasiƙunsu, ni da na koya wa Zainab inda ake kunna kwamfuta, yau in ta bugo waya sai ta gaishe ni da ladabi sannan ta ce, “Baba, ko Malam Isuhu na kusa?” Na fara isowa shago da wuri don in leƙa makin da ya bayar jiya. Na riƙa buga sharhinsa a takarda ina bi da jan biro, ina zagaye duk inda ya rubuta kalma ba daidai ba, in bari a kan tebur inda matasan za su gani. Wani lokaci na san makinsa ne daidai, amma in ba da daban, ina fatan sau ɗaya dai gwaji ya bi bayana. In ya yi sallama da safe, “Akawu” ɗin da na shekara talatin da ɗoriya ina amsawa da dariya sai ya riƙa yi mini kamar da gaske yake. Mahaifiyarku ta lura tun kafin in yarda da kaina. Wata rana ta ajiye mini kunu ta tsaya.

“Malam, wai kai da bawanka kake kishi?”

“Wane kishi? Aiki nake son ya gyaru.”

“To Allah ya gyara. Amma tun da ya fara zuwa gidan nan ban ji ka ce ya iya ba, sau ɗaya. Kuma da kana tambayata ko an ajiye mashi abinci, yanzu ka bari.”

Na ce ta kwashe kwanonta. Ta kwashe, tana cewa ɗan hakin da ka raina.

Yanzu sai in koma baya kaɗan, don ku san makamin da na ɗauka. Shekaru kafin wannan aiki, wata damina, Isuhu ya zo mini bayan azahar ba zagi ba dariya, ya zauna a zaure. Da ƙyar ya buɗe baki. Ranar kasuwa ce, mutane sun yi masa yawa, wani dattijo daga Zakka ya ce a ba shi maganin ciyawa, shi kuma ya miƙa masa mai kashe komai bai tambaye shi abin da ya shuka ba. Dattijon ya fesa a gonar gyaɗarsa. Cikin kwana biyar gonar ta ƙone ƙurmus. Isuhu ya hau babur ya je Zakka da kansa ya ce laifinsa ne. Dattijon, Allah ya saka masa, ya ce ya ji, kuma maganar ta tsaya a tsakaninsu, ya gaya wa mutanen gari cuta ce ta faɗa wa gonar. Isuhu ya kai masa irin wake, ya yi ta zuwa yana taya shi aiki har kaka. Da ya gama ba ni labari ya share ido da hular sa, ya ce:

“Kai kaɗai na gaya wa. Ko uwar ɗiyana ba ta sani ba.”

Na riƙe masa wannan magana shekara da shekaru, ban taɓa jin nauyinta ba.

Bayan an gama girbi Zainab ta zo Batsari. Aikin ya faɗaɗa, an ƙara mutum biyu daga Safana, kamfani kuma yana son shugaba guda da zai riƙa raba gardama in maki ya saɓa. Shagona ne, solata ce, ni ne babba, ni na kawo kowa. A wurina ba ma abin tattaunawa ba ne. Mahaifiyarku ta dafa rogo aka kawo da ƙuli da yaji, muka zauna mu tara muna ci. Zainab ta yi godiya, ta yi mini kirari har na fara gyara zama. Sai ta juya.

“Malam Isuhu, kullum ana tambayata a Katsina. Wai a ina ka samo wannan tambaya ta me yake kashewa?”

Na ga yadda matasan suka bar cin rogo suna jiran amsarsa. Na ga yadda ita kanta ta karkata, da littafi a hannu, za ta rubuta abin da mai sayar da taki zai faɗa. A lokacin na san wanda za ta zaɓa. Ba zan ce muku shaiɗan ne ya ture ni ba, ina cikin hankalina, har na zaɓi muryar da zan yi amfani da ita, muryar wasa. Kafin ya buɗe baki na kece da dariya na ce:

“Ni zan gaya miki. A gonar gyaɗar wani bawan Allah a Zakka ya samo ta. Bawan nan nawa da kuke gani, shi ya ba tsoho maganin da ya ƙone gona guda, aka ce wa mutane cuta ce. Ku tambaye shi. Wanda ya kashe gona ai dole ya san mi ke kashewa.”

Aka yi dariya, don kowa ya san mu taubasai ne, an ɗauka cikin ƙaryar da muka saba yi wa juna ce. Abin da na dogara da shi ke nan. In ya yi fushi, shi ya karya al'ada. In ya rama, maganar ta wuce a matsayin wasa amma ta riga ta shiga kunne. Na zauna ina jiran ramuwa, har na shirya amsa. Isuhu ya ajiye rogon da ke hannunsa, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya dubi Zainab.

“Abin da Malam Sani ya faɗa gaskiya ne. Ni na yi. Ban tambaya ba, na miƙa. Tun ranar ban ƙara miƙa kwalba ba sai na faɗi abin da take kashewa. Can na samo ta.”

Dariyar ta mutu. Ni kuwa ba amsar ce ta dake ni ba, sunan ne. Malam Sani. Tun muna samari ban ji sunana a bakinsa ba sai ranar.

Zainab ta rufe littafinta. Ba ta dube ni ba, kuma na gode mata da hakan. Kafin ta hau mota ta ce kamfani zai so Malam Isuhu ya riƙe ƙungiya, in Baba ya sa albarka. Na sa albarka, me zan ce. Amma maganar ba ta tsaya a shago ba. Ɗaya daga cikin matasan Safana kakanninsa a Zakka suke. Kafin mako ya zagayo labari ya cika kasuwa. Da damina ta zo, manoman da suka shekara ashirin suna tsayawa a rumfar Isuhu suka riƙa wucewa gaba, suna gaishe shi daga nesa. Dattijon da ya rufa masa asiri shi ma ya sha magana, an ce ya yi wa gari ƙarya. Kafin kaka Isuhu ya rufe rumfar da mahaifinsa ya bar masa. Mutumin da ya fi kowa a ƙasar nan taka-tsantsan da kwalba, ni na sa aka daina yarda da kwalbarsa.

Bai taɓa ɗaga maganar ba. Ya ci gaba da zuwa sau uku a mako. Sai dai yanzu in ya iso sai ya kashe babur tun daga nesa, ya cire takalmi a bakin shago, ya rage tsawo.

“Barka da asuba, Malam. An tashi lahiya? Ya iyali? Ya ƙarfin jiki?”

Ya bi gaisuwar har ƙarshenta, kamar yadda ake yi wa baƙon dattijo. In makinmu ya saɓa, shi da ke da ikon yankewa, sai ya zo ya tsaya a gefena ya ce, “Malam, ko za a sake dubawa?” Na yi ta jefa masa “bawana”, ya yi murmushi ya ce Allah ya ƙara girma. Na sa biro huɗu a aljihu wata rana da gangan, na zauna inda zai gani. Ya gani. Ya wuce wurin zamansa. Wata huɗu na iya jurewa. Na ce wa Zainab idona ya fara ba ni wahala, aka kwashe kwamfutocin aka mayar Safana. Ranar da aka kwashe su kun zo gida, kuka tarar da shago wayam, kuka tambaye ni. A nan na zauna a kan turmi na ba ku labarin cin amana. Na tsara shi da kyau, kun san na iya tsara magana. Ban ce muku ku daina zuwa Safana ba, na dai bar ku kuka daina. Bayan kun fita mahaifiyarku ta ce mini, “Malam, ka ji tsoron Allah,” ba ta ƙara ba, kuma ba ta tona ni ba har yau.

Shekaranjiya na hau babur ɗin haya na tafi Safana. Na same shi a ɗakin da suke aiki, da matasa kewaye da shi, har yanzu da yatsa biyu. Takardar tambayoyinsa na manne a bango, an ƙara mata biyu da ban sani ba. Ko a wannan tafiya ta neman gafara, da na ga yadda yaran ke cewa Malam Isuhu kaza, Malam Isuhu kaza, sai da hassadar nan ta motsa mini. Ban warke ba, kada ku ɗauka na warke. Isuhu ya tashi da sauri ya karɓi jakata, ya kai ni zaurensa, ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma ya zauna a ƙasa. Na faɗa masa duka. Na ce da gangan na yi, ba zamewar baki ba ce. Na faɗa masa abin da na gaya muku, da abin da Kabiru ya yi a tasha.

Ya ce, “Kabiru yaro ne, abin da ya ji ya bi. Ni kuma na yahe tuntuni, Malam. Tun ranar.”

Na ce, “To in ka yafe, ka zage ni.”

Ya dubi tabarma. Sannan ya ce:

“Na gwada. Sau da yawa in na hango ka sai ta zo mini har baki. Sai in tuna ban san mi za ta kashe ba.”

Ya rako ni har bakin hanya, ya tsayar mini da babur, ya ce a gaida Hajiya.

To kun ji. Labarin da na ba ku a kan turmi irin bayanin nan ne mai kyan Turanci, bai faɗi abin da zai share ba, ku kuma kuka ba shi biyar saboda ni na rubuta. Ya share muku Baba guda da ɗiyansa bakwai, taubasanku da ya kamata a ce kuna zagin juna yanzu. Ba wanda ya ƙwace mini kujera. Ya fi ni iya aikin, na kasa haɗiyewa, na ɗauki amanar da ya ba ni na jefe shi da ita a cikin rigar wasa.

Kabiru, kai za ka kai masa wannan babi, da hannunka, ba ta waya ba. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka gaishe shi gaisuwar da ka hana shi a tasha. Ka zauna har ya gama karantawa, zai daɗe, da yatsa yake bin layi. Na bar kurakurai biyu a shafin farko ban gyara ba, kuma na san zai gan su. In ya ninke takardar ya ce a gaida Malam, ka taho a hankali, ba sauri. In kuwa ya ce wani abu a kan biro, ko rogo, ko akawun da bai iya rubutu ba, kada ka tsaya cin abinci. Ina zaure.